Kuɗin da kotu ta ƙwato wa mutum, akwai haraji a kansu?

Alhaji Sani, Agege: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena direban tanka ne a Apapa, kamfani ya sallame shi babu dalili. Ya kai ƙara kotun ma'aikata da ke Ikoyi, alƙali ya ce a biya shi albashin da aka riƙe masa da diyyar kora. Da kuɗin suka shigo sai ya ga an zabtare wani abu da sunan haraji. Ni abin da na sani, kuɗin kotu ba a taɓa su. Hukunci ne, ba ciniki ba.

Malam Habu, Idi-Araba: Gaskiyarka Alhaji. An zalunci mutum, ya sha jeka-ka-dawo, ya biya lauya, sannan gwamnati ta miƙo hannu? Ina take lokacin da aka koro yaransa daga makaranta?

Barista Hadiza: Baba Alhaji, a gafarce ni, ba duka ne ake ƙyalewa ba. Hukumar haraji ba ruwanta da ƙofar da kuɗi suka biyo, abin da take dubawa shi ne madadin me aka biya su. Albashin nan da an ba shi a kan kari, ai da ana cire harajinsa wata-wata. Don ya biyo ta kotu bai tashi daga albashi ba, kuma tunda a Legas yake zaune, hukumar tara haraji ta jihar Legas, wato LIRS, ce ke karɓa. Diyyar rasa aiki kuwa hukuncinta daban. Dokar kuɗi ta 2020 ta yafe har naira miliyan 10, abin da ya haura ne ake cire wa kashi 10 cikin ɗari a lokacin. Sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 50.

Alhaji Sani: To 'yata, diyyarsa ko kusa da miliyan 10 ba ta kai ba.

Barista Hadiza: Ashe nan ya kamata a bincika, Baba. A duba takardar hukuncin, nawa aka rubuta albashi, nawa diyya. In kamfanin ya haɗe su ya yi wa duka lissafi ɗaya, ya ci haƙƙinsa, a nemi a maido. A kuma karɓi shaidar cewa abin da aka cire ya isa hannun LIRS.

Malam Habu: Barista, na ji doka, amma ban yarda adalci ba ne. Albashin da aka riƙe kafin cire tallafin mai a 2023, yau buhun shinkafa nawa zai saya? Darajarsa ta zube, ba da laifinsa ba, amma haraji bai ragu ba.

Ɗanladi, Mile 12: Malam, in an buɗe wannan ƙofa kowa sai ya bi ta kotu. Ni in na ba wani otal albasa bashi ya ƙi biya, kotu ta ƙwato min, ai kuɗin cinikina ne, cikin lissafin ribar shekara za su shiga. Ma'aikacin da ake cire wa nasa kowane wata fa, shi me ya yi?

Malam Habu: Shi an biya shi a kan lokaci, Ɗanladi. Kada ka haɗa su.

Hajiya Binta, Obalende: Ni tambayata kuɗin ruwan da alƙali kan ɗora saboda jinkiri. Ba su ne maganin abin da Malam ke faɗa ba?

Barista Hadiza: Don haka ake ɗora su, Hajiya, sai dai su ma samu ne a idon hukuma, ana yi musu haraji. Halaccin cinsu kuma sai malamai.

Malam Habu: Kun gani ko? Har abin da aka ce na share hawaye ne sai an gutsura.

Alhaji Sani: Zan sa ya ɗauki hoton takardar hukuncin da ta biyan kuɗin ya turo miki bayan la'asar, Barista.