Wai da gaske meri tana iya karyewa kamar ɗan kasuwa?

Ɗan Marwa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka san harkar meri, wato ƙaramar hukuma, da kuɗin gwamnati. Tun 2023 ake ta maganar wai hukumar birnin Birmingham ta Ingila ta fito da bakinta ta ce ta karye, daga baya kuma muka riƙa ganin hotunan bola ta cika masu tituna. To ta yaya hukumar da ke karɓar haraji take karyewa, ba saye take ba ba sayarwa ba? Kuma abin da ya fi damuna, in ƙasa mai arziki irin wannan ta shiga haka, mu nan Kamaru fa? Ni a kasuwa nake, mai tike ba ya fashi, lampo muna biya, amma kwalbatin bayan layinmu damina ta zo ta wuce ba wanda ya taɓa shi, ruwa har cikin shaguna. Shin merinmu ma a karye take ba a faɗa mana ba ne? Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Ɗalibi daga Ngaundere:

Wa alaikumus salam yaya. Labarin gaskiya ne, sai dai ba irin karyewar ɗan kasuwa ba ce da masu bin bashi za su zo su kwashe kaya a rufe shago. Doka gare su tun 1988 mai sashe na 114, ta ce in babban jami'in kuɗi na hukumar ya ga abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo kuma babu mafita, dole ya rubuta ya sanar. Daga ranar an tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta, kamar kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ba su da mai riƙo, da albashin ma'aikata. Birmingham ta yi wannan sanarwa a watan Satumba 2023.

Abin da ya kayar da su kuwa, shekara da shekaru mata masu dafa abinci a makarantu da masu shara da masu jinyar tsofaffi ba a ba su alawus ɗin da ake ba maza masu kwasar bola, alhali matakin aikinsu ɗaya, suka kai ƙara, a 2012 kotun ƙoli ta ba su gaskiya, aka yi ta biya, amma a 2023 aka sake lissafi aka ga abin da ya rage zai iya kai fam miliyan 760, wato ya haura miliyar 500 na sefa. Ga kuma sabon tsarin kwamfuta na lissafin kuɗi da suka saka ya ƙi aiki, kuɗinsa ya tashi daga wajen fam miliyan 19 ya doshi miliyan 100. Kuma tun 2010 gwamnatin Landan ke rage abin da take ba ƙananan hukumomi. Shi ya sa ba su kaɗai ba ne, Northamptonshire ta faɗi a 2018, Croydon 2020, Slough 2021, Thurrock 2022, Woking da Nottingham a 2023. Talaka ne ya ji a jikinsa, an ƙara harajin gidaje kusan kashi 10 cikin 100 a shekara ɗaya, an tsara rage hasken fitilun titi, an zaftare kuɗin ɗakunan karatu da wuraren matasa, gwamnati kuma ta turo mutanenta su sa ido. Bolar da ka gani yajin aikin 2025 ne, a ƙarshen Maris ɗin shekarar an ce tan 17,000 ke zube a gari.

Tsohon ma'aikacin meri:

Ɗana Ɗan Marwa, ka yi tambayar da ya kamata kowa ya yi. Na yi aiki a ofishin kuɗi na wata ƙaramar komin, wato yankin da meri ke mulka, ta karkara nan arewa har na yi ritaya, ba zan faɗi sunanta ba. Amsarka a taƙaice ita ce e, da yawa a karye suke, bambancin kawai mu ba a fitowa a yi shela. Can ana rubutawa a sanar duniya ta ji, mu nan sai dai ka ga alama, albashin ma'aikata ya yi wata da watanni bai fito ba, mai kwangila ya janye yaransa daga aikin aji biyu da aka kai linta, motar shara tana ajiye ciyawa ta fito ƙarƙashinta don babu kuɗin taya.

Bari in gaya maka inda kuɗin komin ke fitowa don ka gane. Kamaru tana da komin 360 da manyan hukumomin birane 14. Tiken da kake biya a kasuwa da na tashar mota da na mayanka da na kasuwar shanu, shi ne kuɗin da meri ke gani da idonta, kuma a komin ta karkara bai taka kara ya karya ba, wani watan ko albashi ba zai biya ba. Babban kuɗin shi ne wanda ake kira santim adisiyonel. In ka duba faktir ɗin babban kanti za ka ga TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da ka saya, 19,25 cikin 100, to asalin harajin 17,5 ne, wannan ƙarin na sama rabon komin-komin ne. Amma ba a hannun mer, wato shugaban meri, ake ba da shi ba, ma'aikatan haraji ke karɓa, ya shiga baitulmali, wani kaso ya bi ta FEICOM, wato asusun da aka kafa a 1974 don taimakon komin, sannan a raba duk wata uku. A takarda ke nan. A aikace na sha ganin rabon farkon shekara ya iso damina ta yi nisa, kuma in komin ta ci bashin FEICOM ta gina otel de vil, wato ofishin meri, ko rumfunan kasuwa, tun daga can ake cire biyan kafin sauran ya iso.

Na tuna wata safiya resebar, wato ma'ajin meri, ya buɗe littafi a gabanmu, ga takardun biya an sa hannu an buga hatimi sun yi tsibi a kan tebur, ga masu share kasuwa mata tsofaffi zaune a baranda tun hantsi da tsintsiyoyinsu suna jiran kuɗin wata huɗu, abin da ke asusu bai kai na mutum uku ba. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ba wanda ya kira wannan karyewa, amma me sunansa?

Dokar Disamba 2019 ta ce abin da gwamnati za ta ware wa komin da rejiyon kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta, kuma har yau kukan da masu riƙe da meri ke yi ke nan, ba a cika ba. An dai fara ba kowace komin miliyan 100 a shekara na ayyuka tun 2019, alhamdulillahi ya yi amfani, amma kuɗin gini ne, ba a biyan albashi da shi ba a sayen gazuwal da shi. Aka kuma ɗora wa meri ajujuwan lakwal da ƙananan asibitoci da rijiyoyin burtsatse da hanyoyin karkara. An ba jaki kaya ba a ba shi dusa ba.

Maman Aisha, Garwa:

Baba Allah ya saka da alheri, mun ƙaru. Amma ka yi haƙuri ban yarda duka laifin na Yawunde ba ne. In babu kuɗi, me ya sa ba a rasa na sabuwar motar mer, ba a rasa na tafiye-tafiye da na biki, sai in an zo kan foraj, wato rijiyar burtsatse, ta unguwa a ce asusu ba komai? Namu ya lalace, abin da ya mutu a ciki ɗan ƙarfe ne, muka yi ta sintiri ana cewa mu dawo, ƙarshe mu matan layi muka yi karo-karo ɗari biyar ɗari biyar muka kira mai gyara. Kafin nan yarana mata ke tashi da asuba da jarkoki su tafi unguwar gaba, su makara a lakwal a kore su. Sannan maganar takardar haihuwa, ka je a ce rajista ta ƙare a jira a kawo, kwana 90 na doka su wuce, sai ka koma kotu neman jujuma, wato hukuncin da zai sa a yi maka takardar, da kuɗin da ba ka da shi, yara nawa ne a ƙauyukanmu suka kai ajin ƙarshe na firamare aka hana su jarrabawa don ba akt? Su mutanen Birmingham ana rage masu abin da suka saba samu ne shi ya sa suke ihu, mu ba mu taɓa samu ba balle a yanke, kuma kuɗin tike ɗin nan ma Baba ka fi ni sani ba duka ke isa asusu ba, na sha biya a ce tike ya ƙare a karɓi kuɗin haka nan.

Ɗan Njamena:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu a Cadi ma haka, Njamena tana da arondisma 10 kowanne da merinsa ga babbar meri, amma duk damina unguwanni a ruwa suke, matasa ke cika buhuna da ƙasa suna tare gidaje. Kuma zaɓen kansiloli da aka yi a 2012 ba a sake wani ba sai Disamba 2024, shekara 12 wa za ka tuhuma? Ni da za a kawo mana irin waccan doka ta dole a sanar in kuɗi ya ƙare da na fi kowa murna, ko ba komai mu san matsayinmu.

Ɗan Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba to yanzu ni talaka mai biyan tike ina da hanyar da zan san nawa ya shigo nawa aka kashe? Ko sai mai hanya?

Tsohon ma'aikacin meri:

Hajiya ba ki yi ƙarya ba, na ga irin abin da kike faɗa kuma ba zan kare shi ba, rashin kuɗi gaskiya ne, rashin tsoron Allah wajen ɗan abin da ya shigo ma gaskiya ne, su biyun ke tafiya tare. Inda asusu ke duhu ai kowa sai ya ce Yawunde ce ba ta turo ba.

Ɗana kana da hanya. Ita dai dokar 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kofin bije, wato kasafin kuɗi, da lissafin abin da aka kashe da bayanan zaman kansiloli, kuɗin fotokofi kawai ne a kanka. Zaman kansilolin ma a buɗe yake ga jama'a, ana yin na bije wajen ƙarshen shekara, sai kuma wanda mer ke kawo lissafin bara, shi ne kont administaratif, kuma shi ya fi muhimmanci don bije alkawari ne, wancan kuwa shi ke nuna abin da aka taɓa. Kada ka je kai kaɗai, za a ce maka sakatare janar ya fita. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar 'yan kasuwarku, kofi biyu, a buga maku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, in shiru ya yi yawa ku kai kofi ofishin perefe, wato wakilin gwamnati a yankinku, tunda shi ke amincewa da bijen. Ku nemi wanda ya iya Faransanci da lissafi ya zauna da ku. Layi uku za ku fara dubawa, abin da aka rubuta an tara daga kasuwa, abin da albashi ya ci, da bashin da ake bin komin. Na kasuwar ku kuka fi kowa iya tantance shi, kun san yawan rumfunanku kun san nawa kowa ke biya a rana, ku ninka ku gwada da abin da ke takarda. In kun samo ka ɗauki hoton shafukan ka turo nan, zan karanta maku su layi-layi in Allah ya yarda.