Za mu je duwatsun Riruwai mu kwana a daji, me ya kamata mu ɗauka?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara wurin waɗanda suka san daji. Mu wasu matasa ne a unguwarmu da muka saba hawa Dutsen Dala da Goron Dutse da sassafe don motsa jiki, to yanzu muna so mu fita wajen gari mu ga duwatsun Riruwai can ƙaramar hukumar Doguwa, mu yi tafiyar ƙafa mu kwana ɗaya mu dawo, cikin Disamba in Allah ya kai mu. Matsalar ita ce duk abin da nake gani a YouTube Turawa ne da jakunkuna masu tsada da kayan da ko sunansu ban sani ba, kuma dajinsu ba irin namu ba ne, su ƙanƙara suke tsoro mu kuwa rana da maciji. Me ya zama dole mu ɗauka wanda za mu samu a nan Kano ba sai mun yi oda ba? Musamman kayan taimakon gaggawa, don cikinmu babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya kuma akwai mai asma. Abin da ya fi damuna shi ne in maciji ya sari wani a inda babu asibiti kusa, me za mu yi. Na gode.

Baba Maharbi:

Wa alaikumus salam yaro. Kafin ka yi maganar jaka ka fara da maganar mutane, don ba a shiga dajin wasu kamar an shiga kasuwa. Hanyarku ta Kwanar Dangora ce zuwa Tudun Wada sannan ku ratsa dajin Falgore kafin Doguwa, kuma kowa ya san Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu satar mutane a shekarun baya, saboda haka kada ku bi hanyar nan da dare, kuma ku tambayi halin da ake ciki a satin da za ku tafi ba labarin bara ba. In kun isa ku fara zuwa wurin dagaci ko mai unguwa ku yi gaisuwa ku faɗi abin da ya kawo ku, ku sanar da 'yan sandan yankin, sannan ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari wanda ya san dutsen, maharbi ko makiyayi, ku biya shi hakkinsa. In suka ce muku kada ku kwana to kada ku kwana, ku dawo cikin gari ku yi barci. Riruwai tsohon wurin haƙar kuza ne, akwai tsofaffin ramuka da ciyawa ta rufe bakinsu, baƙo ba zai gane ba sai ɗan gari.

A gida kuma ku bar wa wani babba bayani, ga inda muka nufa, ga sunan wanda zai raka mu, ga lokacin da in ba ku ji mu ba ku fara nema.

Sai ruwa. Hunturu yana yaudarar mutum, ba ka ganin gumi don iska na busar da shi amma jikinka na ƙonewa, sai ka ji kai na sarawa. Kowa ya ɗauki nasa, kada a ce mutum ɗaya ne mai jarka. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, garin kwaki da suga. Adda ɗaya ta ishe ku, sai wuƙa ƙarama, igiya mai ƙarfi, ashana a cikin leda da laita, da sanda a hannun kowa don buga ciyawa kafin a taka. Kada wanda ya sa hannu cikin kogon dutse ko ramin gara ko ya ɗaga itace da hannu, ku tura da sanda tukuna. Da safe ku zazzage takalmi kafin ku sa saboda kunama. In kun hura wuta ku share ciyawar da ke kewaye kuma ku kashe ta da ƙasa kafin ku tashi, a Disamba ciyawa ta bushe ƙayau, wuta ɗaya za ta cinye gonakin mutane da abincin dabbobinsu.

Maganar maciji kuwa mu abin da muka gada shi ne a ɗaure saman wurin da igiya tamau, a tsaga a matse dafin, a ɗora baƙin dutse in akwai.

Maman Sadiq (ma'aikaciyar jinya):

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa na sa hannu a kai sai dai na ƙarshen nan, a gafarce ni amma dole in yi magana don rai ne. Macijin da ya fi sarar mutane a arewacin ƙasar nan kububuwa ce, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi, to ka ga in aka tsaga wurin an buɗe wa jini ƙofa ke nan kuma ba zai tsaya ba. Ɗaurin igiya tamau shi kuma yana tsayar da jini daga zuwa ƙafar gaba ɗaya, bayan 'yan awanni nama ya fara mutuwa, mutane da yawa da aka yanke wa ƙafa ko hannu ɗaurin ne ya jawo ba sarar kaɗai ba. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi, tsotsa da baki ma haka, abin da suke yi kawai shi ne cinye lokacin da ya kamata a ce ana kan hanya.

Ɗan Gwammaja ga abin da za ku yi in Allah ya ƙaddara. Ku janye shi daga wurin, ku kwantar masa da hankali ya daina motsi, a cire zobe da agogo da takalmi da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa sanda a gefen ƙafar a naɗe da ƙyalle sako-sako kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta riƙa lanƙwasawa, a ɗauke shi ɗauka kada ya taka, a duba agogo a rubuta lokacin da abin ya faru, sai asibiti. Kada ku tsaya farautar macijin, in an samu hoto daga nesa to, in ba a samu ba ku tafi. Don ciwo Panadol kawai, banda asfirin, banda ibuprofen, banda diclofenac, duk suna ƙara zubar jini. Kuma ko ya ce ya ji sauƙi ku kai shi, don sarar kububuwa sau da yawa mutum yana zaune lafiya sai can daga baya dasashi ya fara jini ko fitsari ya koma ja. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi, a zuba jini a kwalbar gilashi mai tsabta a jira minti 20 a ga ko ya daskare, in bai daskare ba allurar kashe dafi ce magani, irin su EchiTAb da aka yi musamman don macizan yankinmu. Ba kowane asibiti ke da ita a ajiye ba, shi ya sa nake ba ku shawara tun kafin ku tafi ku tambayi asibitin da ya fi kusa da wurin ko suna da ita, ku kuma riƙe lambar mai mota ko mai babur na garin. Abin ba ƙarami ba ne, a Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware don sarar maciji kawai, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

In kuma irin mai tofi ne ya fesa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take a yi ta zubawa, kada a murza, kada a ɗiga komai na gargajiya, sannan asibiti.

Kayan da za ku zuba a roba mai murfi kuwa ba su da yawa kuma duk kemis mai rajista yana da su: safar hannu ta roba, gozi mai tsabta da yawa, bandeji na naɗawa da mai talewa na targaɗe, filasta babba da ƙanana, aidin, almakashi, hantsaki na cire ƙaya, sabulu, Panadol, Piriton saboda harbin zuma da ƙaiƙayi, da ledojin ORS, wato garin haɗin gishiri da suga na mayar da ruwan jiki, aƙalla biyu-biyu ga kowa. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ORS ya ƙare ana haɗawa, lita 1 ta ruwa mai tsabta wato ledar fiya wata biyu, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kada a ƙara gishiri don ana gaggawa.

Rauni a wanke da ruwa mai tsabta sosai har ƙasar ta fita sannan a rufe, in jini na zuba a danna da gozi da ƙarfi minti 10 ba a ɗagawa ana leƙe. Dan Allah banda zuba ƙasa ko toka ko man birki, wallahi muna ganin abin da suke haifarwa. Ƙuna a zuba ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba makilin ba ba ƙwai ba. Wanda ya daɗe bai yi allurar tetanus ba ya je ya yi tun yanzu. Wanda zuma ta harba sai ka ga fuska ko leɓe na kumbura ko numfashi na yi masa wuya, wannan ba na Piriton ba ne kaɗai, a ruga da shi.

Mai asmar ku kuma ya tafi da inhela biyu, ɗaya a aljihunsa ɗaya a jakar wani, da takunkumi saboda ƙurar hunturu, kuma ya nisanci hayaƙin wutar da za ku hura.

Baba Maharbi:

To Hajiya na ji, ku ne kuke ganin ƙarshen abin a asibiti mu farkonsa kawai muke gani. Yaro ka bi nata a wannan. Amma ku sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri, yawancin sara a ƙafa ne, kuma kada wanda ya fita fitsari da dare ba tocila.

Na Ƙofar Wambai:

Slm. Ni ta ɓangaren kaya zan ɗan ƙara, malam kada ka bari YouTube ta tsorata ka, jakar goyo mai kyau da but da rigar sanyi duk za ka samu a gwanjo nan Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, abin da kawai zan ce kada ka sayi takalmi yau ka tafi da shi gobe, ka sa shi ka hau Dala da shi na sati biyu ya saba da ƙafarka in ba haka ba bororo zai hana ka tafiya tun kafin azahar, kuma safa ta zama biyu ko uku a canza in ta jiƙe. Da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya tsaya ka manna filasta kafin ya tashi.

Sanyin Disamba a kan dutse da asuba ba irin na cikin gari ba ne inda gini ya kare ka, ku tafi da bargo ko jakar barci, hular sanyi, da abin shimfiɗa mai kauri don ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, da leda babba irin ta rumfa wadda za ta zama inuwa da rana ta tare iska da dare, har ɗaukar mara lafiya ana yi da ita in aka naɗe ta a sanduna biyu. Gidan sauro ma ku ɗauka ku cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, ba sauro kaɗai yake karewa ba har kunama da maciji. Da rana kuma malafa ko hana-salla da man leɓe.

Waya kada ku dogara da ita, sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu, ku sauke taswirar wurin a Google Maps tun kuna gida yadda za ta yi aiki ba data, ku tafi da fawa banki mai cikakken caji, da kuma ƙaramar waya mai madannai wadda cajinta ke kwanaki, layuka su zama na kamfani daban-daban, lambar gaggawa 112 ce amma lambar ɗan rakiyarku da ta dagaci a rubuce a takarda sun fi saurin amfani. Tocilar goshi ta fi ta hannu, da batir na canji. Usur kowa ya rataya a wuya, wanda ya ɓace ya tsaya wuri ɗaya ya busa sau uku ya saurara ya sake, murya tana dishewa usur ba ya yi. Kamfas ɗan ƙarami ma yana da rana, ga hanya ga alƙibla.

Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce a bayanka saboda haka ba za ku iya ɗaukar na kwana biyu duka ba, ku tambayi ɗan gari inda ake ɗiba, ku tace da ƙyalle mai tsabta ku tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka ko ku sa WaterGuard, maganin tsabtace ruwan sha, yadda aka rubuta a jikin kwalbar ku jira rabin awa. Kuma duk yadda kududdufi ko ruwan tsohon rami ya ba ku sha'awa kada ku shiga wanka, ga tsargiya ga zurfin da ba a gani.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka muku da alheri Baba da Hajiya da Yaya na Ƙofar Wambai, na kwafe komai. Hajiya tambaya ɗaya ta ƙarshe, ƙanin ɗaya daga cikinmu yana da sikila kuma ya nace sai ya bi mu, ya halatta mu tafi da shi?

Maman Sadiq (ma'aikaciyar jinya):

Gaskiya ni ban goyi baya ba ƙanina. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon sikila su ne sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahala mai yawa, kuma tafiyar nan taku ta haɗa duka ukun a wurin da babu ƙarin ruwa babu iskar oksijin babu allurar ciwo mai ƙarfi, in ya tashi masa da tsakar dare a kan dutse ba abin da robar maganinku za ta yi masa. In ransa na so sosai ya fara ganin likitansa, in likita ya yarda to ya bi ku da rana ya tsaya a gindin dutse cikin gari tare da wani babba, ya yi ta shan ruwa, ya sa kayan sanyi tun kafin magariba, ya kwana a ɗaki kuma mota ta kasance a kusa da shi.