Hotunan da na ɗauka a kan Dala sun fito fari fat: laifin waya ne ko nawa?

Ɗan Rijiyar Zaki ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hoto a cikinku. A ƙarshen watan Disamba ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, zai zo daga Damagaram da iyalinsa, kuma wannan ne karon farko da maiɗakinsa da yaransu za su taka Kano. Na yi niyyar in hau da su Dala, mu leƙa marinar Ƙofar Mata, mu ratsa kasuwar Kurmi, mu shiga Gidan Makama, sannan idan hali ya yi mu wuce Daura su ga rijiyar Kusugu. Ina so su koma gida da hotunan da za a ajiye a riƙa nuna wa yara idan sun girma.

Abin da ke damuna shi ne, bara a irin wannan lokaci na hau Dala da abokan aikina bayan sallar Azahar, na ɗauki hotuna da yawa, amma da na dawo gida na duba, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Sama ta yi fari fat, rufin gidajen birni ya koɗe kamar an yayyafa masa toka, fuskokin abokaina kuwa sun yi duhu. Da na zuƙo Goron Dutse sai ya fito kamar zanen da ruwa ya taɓa. A jikin kwalin wayar an rubuta megafiksel 50, wato ɗigon hoto miliyan hamsin, kuma ba ta cika shekara biyu a hannuna ba. Shin in sayar da ita in yi ciko in sayi babba kafin baƙin su iso, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Mai Hoton Biki na Fagge ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar rabuwa da wayarka, domin ko ni da nake cin abinci da babbar kyamara, da za ka tsayar da ni a kan Dala da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar hunturu, abin da zan kawo maka ba zai fi naka da yawa ba. Ka haɗa abubuwa biyu da suka fi ɓata hoto a garin nan, wato rana a tsaka da hazo. Idan rana tana bisa kai, haskenta yana dukan goshi da hula, inuwa ta zauna a ƙwarmin ido da ƙarƙashin haɓa. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga Sahara kuma tana warwatsa haske, shi ya sa duk abin da yake nesa yake koɗewa. Ita kyamarar waya ba ta iya riƙe haske mai tsanani da duhu a lokaci guda kamar yadda idon mutum yake yi, don haka ko ta ƙona sama ta gyara fuska, ko ta gyara sama ta baƙanta fuska, wani lokaci ma ta tsaya a tsakiya ta ɓata duka biyun, kamar yadda ta yi maka.

Maganin farko shi ne lokaci. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Kano wajen bakwai saura kwata, ta faɗi da shida da 'yan mintuna. Ka hau da baƙinka tsakanin bakwai da takwas da rabi na safe, ko kuma bayan La'asar, daga biyar saura zuwa faɗuwar rana. Goron Dutse yana ɓangaren yamma da Dala, saboda haka da safe ne rana za ta kasance a bayanka ta haska shi sosai. Ɓangaren Gidan Rumfa da Babban Masallacin Juma'a kuwa ya fi kyau da yamma. Amma ka sani almurunmu gajere ne, da zarar rana ta faɗi ba ka da wani lokaci mai tsawo kafin duhu ya rufa, ga kuma kiran Magariba, ga saukowa da yara.

Na biyu, kada ka bar wa wayar ta yanke maka hukunci. Ka taɓa fuskar mutumin a kan allo kafin ka ɗauka, sai ka ga wata 'yar alamar rana ta bayyana, ka ja ta ƙasa kaɗan har sai launin sama ya dawo. Gyara hoton da ya ɗan yi duhu abu ne mai sauƙi daga baya a manhaja irin Snapseed, amma wurin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan, babu abin da za a tono a cikinsa. Ka kuma duba ko HDR a kunne yake, domin aikinsa shi ne ya ɗauki hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, wasu da haske wasu da duhu, ya haɗe su wuri ɗaya.

Ni a ganina ma hazo ba abokin gaba ba ne idan mutum ya daina faɗa da shi. Ranar da ya yi kauri, ka haƙura da hoton birni gaba ɗaya, ka sa mutum ko wani dutse a kusa da kai ya cika gaban hoton, garin ya zama inuwa-inuwa a bayansa. Da yamma rana takan zama jan faifai a cikin ƙura, idan ka tsayar da yaran a gefe ka rage haske har suka zama baƙar siffa a gaban wannan jan, za ka sami hoton da ba a samunsa da damina. Ka kunna layukan raga a saitin kyamara, waɗanda suke raba allo gida tara, domin su taimake ka kada gari ya karkace, kuma kada kullum mutum ya zauna daram a tsakiya kamar hoton fasfo.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Na yarda da yawancin abin da maigida na Fagge ya faɗa, sai dai ba zan ce waya ba ta da nata kason ba, musamman a maganar zuƙowa. Yawancin wayoyin da suke hannun jama'a ba su da gilashin hangen nesa, saboda haka idan ka buɗe yatsu biyu a kan allo, wayar tana yanko tsakiyar hoton ne kawai ta buɗa shi, ta cike giɓin da ƙiyasi. Abin da ya sami Goron Dutsenka ke nan. Idan ka ga idanu uku ko huɗu a bayan waya kada su ruɗe ka, a ƙananan wayoyi sau da yawa ɗaya ne yake ainihin aikin, sauran na megafiksel 2 ne masu taimakawa wajen dusashe baya ko ɗaukar abu na kurkusa. Ka tsaya a kan 1x, wato ba tare da zuƙowa ba, ka matsa da ƙafarka in wurin yana matsuwa, in kuwa ba ya matsuwa ka ɗauka a haka ka yanke daga baya.

Lambar 50 ɗin nan ma tana buƙatar bayani. Irin waɗannan wayoyi suna haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya domin su tara haske, don haka hoton da kake samu a kullum na megafiksel 12 da rabi ne, sai idan ka shiga ka zaɓi cikakken girman da kanka. Wannan ba zamba ba ce, kuma 12 ya isa a wanke hoto babba a rataye a falo.

Amma kafin komai, Malam, ka juya wayarka ka dubi gilashin kyamarar a gaban haske. Sau da yawa ana kawo mini waya a ce kyamara ta mutu, in goge gilashin in miƙa wa mai ita ba tare da na kwance ko noti ɗaya ba. Da hunturu kowa yana shafa basilin saboda kaushi, yatsa ya taɓa gilashi, ƙura ta zo ta manne a kai, sai hoto ya riƙa fitowa da wani farin hayaƙi, fitilu kuma su yi dogayen wutsiyoyi da dare. Ka fara hure ƙurar tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Idan akwai ƙaramin gilashin kariya da aka manna a kan kyamarar kuma ya karce, ka cire shi. Ka kuma tafi da fawa-banki, ka rage kayan da suka cika ma'adanar wayar tun a gida, domin babu takaici kamar a tsaya a gaban Kusugu waya ta ce babu wuri.

Malama daga Gwale ta amsa:

Sallama gare ku. Malamai sun yi maganar haske da na'ura, ni kuma zan taɓo ɓangaren mutane, tunda wuraren da ka lissafa ba kufai ba ne, wuraren neman abincin bayin Allah ne. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau akwai dattawan da suke zaune a bakin rijiyoyinta suna tsoma zane a cikin baba. Kurmi kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki a cikinta. Mutanen nan sun gaji da wanda zai faɗo musu babu sallama ya ɗaga waya a fuskarsu. Ka yi sallama, ka gaisa, ka gabatar da baƙinka ka ce daga Damagaram suke, ka tambayi yadda ake haɗa baba da toka, sannan ka nemi izini. A marina an saba a yi ɗan hasafi ko a sayi wani abu, kuma bai kamata mutum ya ji ƙyashin hakan ba.

Na taɓa kai ɗalibaina can, kuma hoton da ya fi kowanne kyau a cikin waɗanda muka dawo da su babu fuska a cikinsa ko ɗaya. Hannuwan wani dattijo ne da suka rine da shuni har wuyan hannu, yana matse zane, ruwan yana ɗiga. Da tsayawa muka yi daga nesa domin mu kwaso rijiyoyin duka, da ba mu same shi ba. Haka a Kurmi, rumfunan a rufe suke kuma lungunan matsattsu ne, haske kaɗan yake shiga, don haka ka nemi bakin rumfa inda hasken waje yake faɗowa a kan kaya, ka ɗauki jerin takalman dukawa ko linzami da kayan doki daga kusa. Kada ka kunna fitilar kyamara, tana baje launi kuma tana damun mutane. Ka manne gwiwar hannunka a jikinka domin kada hoton ya girgiza.

Ƙanena, ka kiyaye matan mutane da suke cefane kada su faɗo a hotonka, ka kiyaye 'ya'yan da ba naka ba, kuma duk inda ka ga jami'an tsaro ko shingen bincike a hanyar Daura, ka mayar da waya aljihu. A Gidan Makama ka tambayi ma'aikata ƙa'idarsu tun a ƙofa. Game da iyalin ƙaninka ma, ka ji ta bakin maiɗakinsa kafin ka ɗora hotonta a Facebook. Idan za ka tura musu kuma, ka sani WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, sai ka danna HD ko ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba duk wahalar tashin asubar nan za ta tafi a banza ranar da suka je wankewa.

Ɗan Rijiyar Zaki ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba gilashin kamar yadda Malam mai gyara ya ce, kuma kunya ta kama ni da abin da na gani a kai. Jiya bayan La'asar na gwada rage haske a jikin ganuwa wajen Ƙofar Na'isa, launin jar ƙasar ya fito yadda ban taɓa samu ba. Na fasa sayar da wayar. Saura tambaya ɗaya: ƙanen nawa yana maganar dawowa da Sallah domin kallon hawa, to yaya ake yi da dawakai masu gudu?

Mai Hoton Biki na Fagge ya amsa:

Wannan kam sai da shiri, domin hawan Sallar Kano babban taro ne, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Idan za a yi Hawan Daushe, ranar ka je Ƙofar Kudu da wuri ka sami wurin da rana za ta kasance a bayanka, domin idan jama'a suka cika ba ka da zaɓi. Ka koyi ɗaukar hoto a jere tun a gida: a wasu wayoyin riƙe maɓallin ake yi, a iPhone ana jan shi hagu, a Samsung ana jan shi ƙasa, sai ta ɗauki goma ko ashirin ka zaɓi ɗaya. Ka fi mayar da hankali kan ayarin hakimai lokacin da suke tafe a hankali, 'yan lifidi da 'yan sulke da masu algaita, domin a nan waya take iya kama adon. Lokacin jahi kuwa, wato sukuwar gaisuwar sarki, ƙura takan turnuƙe kuma yamma ta yi, haske ya ragu, don haka gara ka juya zuwa bidiyo. Ka riƙe wayar da hannu biyu saboda cunkoso, ka tsaya bayan inda dogarai suka tsayar da jama'a, kuma idan 'yan bindiga suka matso ka ja yaran baya, domin dawakai sukan firgita da ƙarar harbin.