Dan Allah a taimaka: fayil na lalacewa wajen kwafi, kwamfuta kuma ba ta cewa komai

Mai Situdiyo, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawaran manya, kwana huɗu kenan abin nan ya hana ni barci. Ina da ɗan situdiyo a Pantami nan cikin Gombe, bidiyon biki da suna da walima muke ɗauka, da aiki ya fara yawa sai na sayi wata kwamfutan tebur 'yar Beljiyam na mai da ita rumbu, duk abin da yara suka ɗauko a kyamara nan ake juyewa kafin a yi fomat na memori a tafi wani bikin. Ubuntu 22.04 ne a kai, ram guda biyu 8GB-8GB, hadisk 4TB a ciki na yi mishi ext4 (tsarin ajiye fayil na Linux), sai wani na waje 2TB da nake bakof a kai.

Satin da ya wuce uwar wata amarya ta dawo min da bidiyon kamu tace akwai wajen da hoton ke tarwatsewa, fuskan mutane ta koma ƙwaya-ƙwaya na ɗan lokaci sannan ta dawo. Allah Ya taimake ni ba a riga an goge memorin ba, na duba a can lafiya lau, na duba wanda ke cikin kwamfuta ga tabon nan. Girman fayil ɗin kuma ɗaya ne cif, ko bait ɗaya bai ragu ba.

Shine na rubuta ɗan sikirif in labta mata lodi in gani. Fayil 300 ne, wajen 60GB, cp (umarnin kwafi) guda 8 na gudu lokaci guda daga wata folda zuwa wata, in sun gama sai sha256sum ya fitar da hash, wato lambar shaidar abin da ke cikin fayil, a gwada na asali da kwafin. Kusan duk zagaye sai an samu fayil ɗaya ko biyu hash nasu bai zo ɗaya ba, kuma ba fayil ɗaya ba ne kullum, yau wannan gobe wancan, cp bai taɓa kuka ba, dmesg (inda Linux ke rubuta ƙorafin na'ura) fes, na yi fsck (mai duba tsarin faifai) yace komai kalau. Da rana abin ya fi yawa, da asuba sai in yi zagaye uku ban samu ko ɗaya ba. Wlh amanan mutane ce a cikin na'uran nan, bikin mutum ba a maimaita shi. Ta ina zan fara?

Mai Turi, Tashan Dukku:
Wa alaikumussalam oga. Ni fa inaga hadisk ɗin nan naka na waje jabu ne, mu nan wajen turi kullum muna gani, filashi a rubuce 128GB amma cikinshi 8GB ne kawai, in ya cika sai ya koma yana rubutu a kan na farko kuma ba zai gaya maka ba. Ka gwada shi da H2testw in kana da Windows, ko f3write da f3read tunda Linux kake. Sannan ka duba ko FAT32 ne, shi baya ɗaukan fayil da ya kai 4GB.

Mai Situdiyo, Pantami:
Na gode ɗan uwa. Amma gwajin nan ko na wajen ban jona ba, daga folda zuwa folda ne a cikin hadisk na ciki. Kuma FAT32 ai fitowa yake fili ya ƙi karɓa, wannan kuwa karɓa yake da hannu biyu sai daga baya ka ga ɓarna.

Ɗan Tumfure:
Wuta ce malam. Inbata kake ko janareto? In wuta na rawa babu abin da ba za ka gani ba. Ni shawarata kar ka wahalar da kanka, ka sauke Ubuntu ɗin ka sa Windows, ka canza kebul, ka canza fawa-fak, ka yi fomat ka huta.

Injiniya, Yelwa Bauchi:
A'a dan Allah kar ka yi fomat, kar ka canza komai tukuna. Ɗan Tumfure ka yi haƙuri, maganan wuta abin dubawa ne kam, amma in ya canza abu huɗu rana ɗaya matsalan ta lafa, wanne zai ce shine mai laifi? Kuma in ta dawo bayan wata biyu ya riga ya goge shaida. Yanzu haka yana da abin da masu irin wannan matsala suke nema ido rufe, wato gwajin da ke fito da ita duk lokacin da ya so. Kar a ɓata wannan.

Malam abu uku nake so ka kawo min.

Na farko smartctl -a na hadisk ɗin, wato rahoton lafiyanshi, ka duba layi na 5 da 197 da 198 da 199. Ukun farko su ke nuna ko faifan kanshi ya fara ciwo, 199 kuma kebul ne, duk sanda saƙo ya lalace a hanya tsakanin bod da hadisk ana ƙirgawa a nan kuma a sake turawa.

Na biyu, kuma wannan mutane da yawa ba su lura da shi ba, lokacin da ka gama cp ka ruga ka yi sha256sum, ba lallai daga faifai yake karantowa ba. Linux na ajiye abin da ka karanta ko ka rubuta kwanan nan a cikin ram don sauri, sai ya miƙo maka daga can. To ka yi sync, sannan a matsayin root ka yi echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches don zubar da wannan ajiyar ta ram, sai ka sake hash na fayilolin da suka faɗi, na asali da kwafin duka. Ina son sanin ko suna nan a lalace ko wasu sun warke.

Na uku shine babba. Hash kawai ce maka yake ba ɗaya ba ne, baya gaya maka yadda ɓarnan take. Ka yi cmp -l na asali da kwafi ka manno mana abin da ya fito kamar yadda yake. Kowace cuta da irin tabonta. In ka ga sifili jere na bait 4096 ko ninkinsa, rubutu ne bai sauka ba, nan sai mu koma maganan wuta. In ka ga guntun wani fayil daban ya shigo ciki, wannan ajiya ce ta ruɗe ko jabu kamar yadda Mai Turi ya faɗa. In kuma bait ɗaya tak ne ya canza, to wani waje za mu duba.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ƙari a kan na Injiniya, yaya kar fsck ya kwantar maka da hankali. ext4 yana tsaron bayanan tsarinshi ne, wato sunan fayil, girmanshi, inda yake kwance a faifai, amma abin da ke cikin fayil ɗin baya yi mishi lissafin tantancewa ko kaɗan. Kamar mai gadin sito ne da ya ƙirga buhu ɗari ya ce sun cika, bai buɗe ya ga ko masara ce ko ƙasa ba. Btrfs da ZFS su ne ke lissafa abin ciki. Shi ma cp haka yake, in kanel, wato zuciyar Linux, yace an rubuta shikenan ya yarda, baya komawa ya karanta. A wajen aikinmu mun taɓa shan irin wannan da takardun ɗalibai, wata guda muna zargin netwok, tun daga nan bana yarda da kwafin da ban yi mishi hash ba.

Mai Situdiyo, Pantami:
Allah Ya saka da alheri Injiniya, Hajiya na gode. Na yi duka. 5 da 197 da 198 da 199 duk sifili ne. Na tara fayil biyar da suka faɗi jiya da yau, bayan drop_caches ɗaya ya dawo daidai, huɗu suna nan a lalace. Ga cmp -l na biyu daga ciki, kowanne layi ɗaya kawai ya fito:

205305641 101 141
726677289 20 60

Sauran biyun ma layi ɗai-ɗai ne. Ni dai ban gane kan lambobin ba.

Injiniya, Yelwa Bauchi:
Alhamdulillah, yanzu muka samu bakin zare. Bari in warware maka a hankali don ka iya karantawa da kanka nan gaba.

Lamban farko wajen da bait ɗin yake ne a cikin fayil. Biyun da ke biye ƙiman bait ɗin ne a na asali da a kwafi, amma cmp a lissafin takwas-takwas yake rubuta su, ba goma-goma da muka saba ba. 101 shine 65, 141 shine 97, tsakaninsu 32. Layi na biyu 20 shine 16, 60 shine 48, tsakaninsu 32 kuma. Kaga kenan bit ɗaya ne tak, kuma shi ɗin dai a duka biyun, inda ya kamata ya zauna 0 sai ya tashi 1.

Yanzu ɗauki kalkuleta ka raba lambobin farkon nan da 4096 ka duba saura. Na yi a nan, duka biyun saura 1833. Ram ana yanka shi shafi-shafi ne na bait 4096, kuma fayil in zai bi ta ram a kan wannan ma'aunin yake kwanciya. Fayil biyu da ba su haɗa komai ba, an kwafe su lokaci daban, amma sun ji ciwo a gurbi ɗaya na shafi kuma a bit ɗaya, wannan ba aikin hadisk ba ne ba kuma na ext4 ba. Hadisk yana da nashi lissafin gyara a kowane sekta, in ya kasa karantawa yawanci kuka yake ka gani a dmesg, ba ya miƙo maka ƙarya shiru ba. Ram na irin kwamfutocinmu kuwa ba ECC, wato lissafin gyaran kuskure, babu mai duba shi. Akwai ƙwaya ɗaya mai rauni a ciki, duk fayil ɗin da tsautsayi ya sa ya kwanta a kanta sai ta taɓa shi. Wanda ya warke bayan drop_caches dama a faifai lafiyanshi ƙalau, wajen karantowa ne ya faɗa gurbin, huɗun kuma sun faɗa ne kafin a rubuta su, shi ya sa ɓarnan ta sauka har faifai. Maganan rana da asuba ma ta zauna, ƙwayan ram mai rauni ta fi zubar da cajinta in ta ɗau zafi, ga zafin Gombe ga cp takwas a kai.

Ka sauko da manhajar gwajin ram, Memtest86+ na 6 ko sama da haka, ka sa a filashi, wanda ya fito 2022 ne ya fara tashi a UEFI (sabon tsarin tada kwamfuta), tsohon da ke zuwa da Ubuntu naka ƙila ma ba za ka gan shi a GRUB (jerin zaɓin da ke fitowa wajen kunnawa) ba. Ka yi gwajin da tsakar rana ba da dare ba, ka bar shi ya zaga aƙalla sau huɗu. In jan layi na kuskure ya fito ka kashe, ka cire ram ɗaya ka gwada su ɗai-ɗai a rami guda, don mu bambance ko sandan ne ko ramin.

Ɗan Tumfure:
Gaskiya na ƙaru Injiniya, na janye maganan fomat. Amma duk da haka malam ka hure ƙuran cikinta ka duba fanka na juyawa, injinan Beljiyam ɗin nan wasu tun da suka sauka ba a taɓa buɗe su ba.

Mai Situdiyo, Pantami:
Jama'a na dawo. Na kunna Memtest86+ bayan azahar, kafin la'asar ja ya fito, adireshi ɗaya yake ta maimaitawa. Na gwada su ɗai-ɗai, sanda ɗaya ta zaga sau huɗu ba komai, ɗayan kuma duk ramin da na sa ta sai ta yi ja. Na cire ta na bar 8GB, na hure ƙura kamar yadda Ɗan Tumfure yace, na sake sakin sikirif ɗina tun jiya, zagaye 14 har da na tsakar rana ko fayil ɗaya bai faɗi ba. Injiniya ban san da bakin da zan gode maka ba, Allah Ya jiƙan mahaifa.

Amma fa wani abin ya fi damuna yanzu. Wata bakwai ina juye aikin mutane ta cikin ram ɗin nan, memori kuma an goge an sake gogewa. Bakof ɗin da nake taƙama da shi daga na ciki na kwafe shi, ta wannan kwamfutan dai. Ya zan gane waɗanda suka taɓu?

Maman 'Yan Biyu:
Yaya ka yi haƙuri, wanda ya lalace tun ranan da aka juye shi daga memori ya tafi bakof da tabonshi, wannan ba hash ɗin da zai nuna maka tunda ba na asali. Amma ba duka ba ne. Ka fara da rsync -rcn -i tsakanin na ciki da na waje, c ɗin ne ke sa ya karanta abin ciki, in ba shi girma da lokaci kawai yake dubawa, n kuma ke hana shi taɓa komai, kar ka manta da ita dan Allah. Duk fayil ɗin da ya fito a jerin, to ɗaya daga cikin biyun mai yiwuwa lafiyayye ne, ka yi musu cmp -l, tunda kun ga bit ɗin tashi yake zuwa 1, wanda ƙimanshi ta fi ƙanƙanta da 32 shine na gaskiya.

Sauran kuma ka bi su da ffmpeg -v error -i sunan fayil -f null - zai karanta bidiyon daga farko har ƙarshe ya faɗi inda ya yi tuntuɓe. Baya kama duka, wani bit ɗin in ya juya hoton ne kawai zai ɗan canza ba tare da kuka ba, amma manyan zai fito da su. Ka tambayi yaranka ma, sau da yawa mai editin yana da kwafin da ya ɗauka kai tsaye daga memori a laftof nashi.

Injiniya, Yelwa Bauchi:
Amin malam, ba komai. Ka bi na Hajiya. Sabon ram in ka saya ka yi mishi Memtest86+ a ranan kafin ka bar mai shago ya manta fuskanka. Kuma ka kafa wa yara doka, ba a fomat na memori sai an yi hash daga memorin kanshi, an yi sync da drop_caches, an gwada da kwafin ya zo ɗaya.

Mai Situdiyo, Pantami:
In sha Allah. rsync ya gama, fayil 9 ne suka bambanta kuma duk na gane na gaskiyan ta hanyan da Hajiya ta faɗa. ffmpeg yana kan bi, ya kai watan uku, zuwa yanzu ya tsaya a biyu, ɗaya ɗaurin aure ne a Kumo kuma yaron da ya yi editin yana da shi a laftof. Ɗayan walimar sauka ce, ba kwafi ko'ina, wajen daƙiƙa biyu ne hoton ya tarwatse daidai lokacin da yarinyar ke karatu. Gobe da safe zan je gidan da kaina in yi wa mahaifinta bayani.