Sadaka ce ko diyya? Cacar baki kan malalar mai

Mai Ƙorafi: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan yadda malalar mai ta gurɓata ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta. A garin Ogale ta samu sinadarin benzin mai jawo cutar daji a ruwan rijiya, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ta ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga dokoki jibge a takarda, ba mai tsoronsu. A kwashe mai, a bar maka baƙin ruwa, sannan a miƙo maka sadaka. Na san ba mai tankawa tunda ba hirar ƙwallo ba ce.

Ɗalibar Lauya: Yaya, gyara kalmarka. Diyya ce. Fam miliyan 55 da kamfanin mai na Shell ya amince ya biya mutanen garin Bodo na ƙasar Ogoni a 2015, sai da suka kai ƙara Landan kan man da ya malale a 2008. Wanda ka maka a kotu ba sadaka yake ba ka ba.

Baban Biyu: Diyya sai alƙali ya yanke. Wannan sulhu aka yi, kuɗin rufe baki.

Ɗalibar Lauya: To na Holan fa? A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Heg ta ce reshen kamfanin na Najeriya ya biya manoma.

Baban Biyu: Bayan shekara 13 ana jeka-ka-dawo, biyu cikin manoma huɗun da suka kai ƙarar sun riga mu gidan gaskiya. Yarinya, gama karatun tukuna.

Ɗalibar Lauya: Baba, da hujja na zo. "Yarinya" ba amsa ba ce.

Uwar Gida: Gaskiyarta. Kullum in mace ta kawo hujja sai a koma kan shekarunta.

Baban Biyu: Na haife ta, don na ce yarinya laifi ne?

Mai Lissafi: Duk kun sha ƙasa. Bashi ne. A 2009 a taron Kofanhegan na ƙasar Denmark ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin cewa zuwa 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara don sauyin yanayi. An ce sai a 2022 aka cika, kuma kaso mafi tsoka rance ne. A taron Faris na 2015 ma rubutawa aka yi ƙarara cewa batun asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa ba zai zama hujjar neman diyya ba. Kalmar ce suke gudu.

Ɗalibar Lauya: Wannan kuɗin yanayi ne, mu malalar mai muke magana. Kar a haɗa.

Ɗan Tafki: Ni dai tambayata, mu da hamada ke cin gonakinmu, Tafkin Chadi ya ja baya, wa ya taɓa ce mana diyya ko sadakar? Kuma rabin malalar ai masu fasa bututu ne.

Uwar Gida: Rabi? Ina ka samo?

Ɗan Tafki: Kowa ya sani.

Mai Ƙorafi: Ni fa maganar bin doka na kawo.

Baban Biyu: Kai ka fara cewa sadaka, kar ka zame.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. Jama'a sun gamsu cewa bashi ne, kamar yadda Mai Lissafi ya warware, kuma ni ma abin da nake faɗa ke nan tun bara. Ƙanwarmu ta yi ƙoƙari, sai dai a riƙa sassauta murya gaban manya. Batun tafki a kawo shi gobe. An rufe.

Uwar Gida: Wace jama'ar ce ta gamsu? Ku biyu?