Yoyon baƙin mai a MGB ƙirar 1972: dole ne sai an sauke inji?

Mai MGB:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin gudu na Ingila. Ina da MGB ƙirar 1972 mai inji lita 1.8, wadda take zubar da baƙin mai duk lokacin da na dawo daga tafiya na ajiye ta. Ɗigon yana fitowa ne daga wajen ƙaramar kafar da ke ƙarƙashin gidan kuloci, inda inji ya haɗu da giyabos, kuma da safe nakan tarar da tabo kamar faɗin tafin hannu a kan kwalin da nake shimfiɗawa. Bakaniken da ya duba ya ce sil ɗin bayan karanshaf, wato zoben robar da ke tare mai, ne ya mutu, kuma ba a iya kai wa gare shi sai an ciro injin gaba ɗaya. Shin akwai hanyar tabbatar da hakan kafin in amince da wannan babban aiki?

Tsohon Bakanike:

Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne cewa a MGB ba a canza wannan sil ɗin sai an sauke inji, amma inda mai yake ɗiga ba lallai ne ya zama inda yake fitowa ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka yoyon da ya taso daga saman inji ko gefensa yakan ƙare a gidan kuloci, a ɗora wa sil laifin da ba nasa ba.

Ka fara wanke injin tas, ka bar shi ya bushe, sannan ka barbaɗa farar hoda a bayan kan inji da gefunansa biyu. Ka tayar da motar ta yi zafi, ka yi gajeruwar tafiya, ka dawo ka duba da tocila: mai zai bar baƙin layi a cikin hodar, sai ka bi layin sama har inda ya faro. Wuraren da na fi zargi a wannan inji su ne bayan murfin bawul, da ƙananan murfuna biyu na gefen hagu waɗanda suke ɓoye a bayan bututun hayaƙi, inda zafi yake ƙona gaskit ɗinsu har ya bushe ya tsage. A bayan gefen dama kuma akwai tiyon da ke zuwa agogon mai da wanda ke kai mai wurin sanyayawa. Waɗannan biyun suna ɗauke da matsi, kuma idan ɗayansu ya fashe a hanya, inji yana iya tsiyaye mansa cikin ɗan lokaci. Su nake so ka fara dubawa.

Mai Spitfire:

Ina tare da Tsohon Bakanike, sai dai akwai abin da ya kamata a duba tun kafin a taɓa gaskit ko ɗaya, wato numfashin injin. Kowane inji yana tara ɗan hayaƙin da ya kuɓuce ta gefen zoben fistin zuwa cikinsa, kuma dole ne a ba shi mafita. A irin motarka, tiyo yana fitowa daga murfin gefe na gaba, ya rabu biyu zuwa kafireta biyu, su tsotse hayaƙin. Idan tiyon ya toshe ko ragar da ke cikin murfin ta cushe da dauɗa, matsi zai taru ya tura mai ta duk inda ya sami rauni, har ta sabon sil. Abin takaici ne mutum ya sauke inji, ya sa sabon sil, yoyo ya dawo saboda tiyo guda. Idan numfashin a buɗe yake amma hayaƙi yana bugowa da ƙarfi ta bakin zuba mai, to a auna matsin silinda, domin wataƙila zobban fistin ne suka cinye.

Mai Gyaran Giya:

Kada a manta da giyabos, 'yan'uwa. A motoci da yawa ana gane man giya da warinsa mai ƙarfi, amma giyabos ɗin MGB baƙin man inji yake sha, irin 20W-50, saboda haka hanci ba zai raba gardama ba, alhali sil ɗinsa na gaba yana zubarwa ta wannan kafar dai. Ni na fi amincewa da rinin da ake zubawa cikin mai, wanda yake ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman. A zuba shi cikin inji kaɗai, idan ɗigon gidan kuloci bai yi ƙyalli ba, daga giyabos yake. Kuma injin 1972 yana da sil na roba a baya, ba kamar na farko na 1962 zuwa 1964 ba, waɗanda tsagi ne kawai a jikin karanshaf yake mayar da mai ciki, don haka naka yana iya zama a bushe idan komai ya daidaita.

Mai MGB:

Na gode ƙwarai. Na wanke, na barbaɗa hodar, kuma layin ya fito ƙarara daga ƙasan murfin gefe na baya, ya bi jikin inji har gidan kuloci. Tiyon numfashin ma ya yi laushi ya manne daga ciki. Yaya zan ɗaura sabon gaskit ɗin don kada ya sake yoyo?

Tsohon Bakanike:

Madalla, Malam. Ka cire kafireta da bututun hayaƙi don hannunka ya shiga da kyau, kuma tunda ka buɗe, ka canza gaskit na murfunan biyu tare. Ka ɗora kowane murfi a kan shimfiɗaɗɗen abu ka gani ko ya lanƙwashe, domin noti ɗaya ne a tsakiya yake riƙe shi, kuma yawan ɗaurewa yana lotsa shi. Ka manna gaskit ɗin a jikin murfin da ɗan gam kaɗan, ka sabunta robar da ke ƙarƙashin kan notin, ka ɗaure sannu a hankali har gaskit ya zauna, kada ka matse shi ya fito ta gefe. Bayan ka sa sabon tiyo, ka sake wankewa ka maimaita gwajin hodar, domin sai an tsayar da wannan yoyon ne za a san ko sil ɗin baya yana da nasa.