"Sannu ba ta hana zuwa": da wutsiyarta ko ba wutsiya?

Tsohon Malami: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganarmu ta yau ita ce "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Abin da ya sa na kawo ta, na ji wani ya jawo ta a gardamar sauyin yanayi. Cewa yake duk zafin da duniya za ta yi, shugaba ko wata hukuma ba su da ikon yin gaban kansu, sai an bi ta majalisa yadda kundin tsarin mulki ya tanada, ko da za a shekara goma ana ja-in-ja. Ya rufe da "sannu ba ta hana zuwa", ya yi shiru. Ya yi mata adalci kuwa da ya guntule mata wutsiya?

Ɗalibin Shari'a: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban ga laifinsa ba, kowa haka yake faɗinta a taƙaice. Kuma a yi wa masu wannan ra'ayin adalci, ba dukansu ne ke musun duniya na ɗumama ba. Tambayarsu ɗaya ce: wa ke da hurumi? A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fito da tsarin da zai karkatar da samar da lantarki daga kwal zuwa gas da iska da hasken rana, ta dogara da wani sashe na dokar tsabtar iska ta 1970. A Yunin 2022, a ƙarar da jihar West Virginia ta shigar, kotun ƙoli ta ce a'a, alƙalai 6 da 3. Hujjar babban alƙali John Roberts ita ce, al'amari mai girma irin wannan, wanda zai taɓa aljihun ƙasa baki ɗaya, sai majalisa ta faɗa ƙarara cewa ta ba hukumar wannan ikon. Ba a tono shi daga tsohon sashen da aka daɗe ba a waiwaya ba. Sannun ke nan.

Uwar Biyu: Ƙanena, ai wutsiyar ce maganar. Mutanen da ba su ɗora "sai dai a daɗe ba a je ba" don ado ba, gargaɗi ne. Kuma ka lura, karin maganar ta ɗauka cewa inda za ka yana nan yana jiranka. Mai tafiya gari da ƙafa, ko ya kwana uku a hanya zai tarar da garin. Hayaƙin kabon kuwa taruwa yake, wani kasonsa kan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Wanda aka fitar bana ana jiran majalisa ba ya dawowa don majalisa ta sa hannu baɗi. Nan garin ne ke matsawa gaba kana tafe.

Ɗalibin Shari'a: Yaya, na ji. To ga abin da sauri ya haifa. Obama ya shigar da Amurka yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2016 ba tare da ya kai ta majalisar dattawa ba, don ya san ba zai samu kashi biyu cikin uku ba, ƙuri'a 67 ke nan. Trump ya fitar da ita, fitar ta tabbata a Nuwambar 2020. Biden ya mayar da ita a farkon 2021. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya sake sa hannu a fice. Alƙalami ɗaya ya rubuta, alƙalami ɗaya ya goge. Mai son gina tashar lantarkin da za ta yi shekara arba'in tana aiki, da wane lissafi zai yi?

Auta: Ni dai abin da na sani, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Tsohon Malami: Auta, wannan ta maƙera ce, a bar ta sai wani makon. Amma Ɗalibi, ina da ja a kan misalinka. Sannu tafiya ce. Mai sannu yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Wanda ya shimfiɗa tabarma ya kishingiɗa ba a ce masa mai sannu. Tun 1997 dattawan Amurka suka kaɗa ƙuri'a 95 ba ko ɗaya a kan ba za su karɓi yarjejeniyar rage hayaƙi irin ta Kyoto ba muddin ba ta ɗaure ƙasashe masu tasowa ba. Daga nan sai 2022 kafin majalisar ta yi wata babbar doka a kan yanayi, ita ma yawancinta tallafi ne da rangwamen haraji. Shekara 25. Sannu za mu kira wannan ko zama?

Uwar Biyu: Allah ya saka Malam. Kuma kada a ɗauka duk mai riƙo da tsarin mulki birki yake takawa. A 2021 kotun tsarin mulkin Jamus da ke Karlsruhe ta duba ƙarar da wasu matasa suka kai a kan dokar yanayi ta 2019. Dokar ta tsara ragin hayaƙi zuwa 2030, abin da ya biyo baya ta bar shi a dunƙule. Kotun ta ce in kun yi sako-sako yanzu, nauyin duka zai faɗo kan yaran nan, a lokacinsu sai an matse kusan kowane 'yanci nasu kafin a cike giɓin. Ta haɗa da sashe na 20a na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ɗora wa hukuma kare muhalli saboda masu zuwa. Wato kotun wutsiyar karin maganar ta karanta: daɗewar da kanta tauye haƙƙi ce. Cikin 'yan watanni majalisa ta ɗaga ragin 2030 daga kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, ta kuma jawo wa'adin daina ƙara wa sama hayaƙi daga 2050 zuwa 2045.

Ɗalibin Shari'a: Wannan hukuncin ai ya fi zama hujjata, Yaya. Kotun ba ta ce a rufe tasha kaza ba, ba ta rubuta adadi da hannunta ba. Mayar wa majalisa ta yi ta ce ku gyara. Wanda ya fi ba masu ra'ayin nan ciwon kai shi ne na Holan a Disambar 2019, inda kotun ƙoli ta tabbatar wa gwamnati adadi: ragin hayaƙi da aƙalla kashi 25 a kan na 1990 kafin ƙarshen 2020. A nan suke cewa alƙalin da ba wanda ya zaɓa ya ɗauki aikin ɗan majalisa, kuma garin neman gira za a rasa ido. Yau ya yanke wanda kike so. Gobe wani alƙalin zai yanke wanda ba kya so, da wannan wuƙar dai.

Uwar Biyu: Wannan fargabar ban raina ta ba, gaskiya. Sai dai in majalisa ce ta rattaba hannu kan haƙƙin rayuwa, alƙali ya ce ku cika, ban ga ƙwacen aiki ba.

Mai Sauraro: Gafara dai manya, in ɗan sa baki. Tsarin EPA na 2015 da ake ta magana bai taɓa aiki ko na yini ɗaya ba, kotun ƙoli ta dakatar da shi tun Fabrairun 2016. Burinsa rage hayaƙin tashoshin lantarki da kashi 32 a kan na 2005 kafin 2030. Aka wayi gari an kai wannan adadin wajen 2019, saboda gas ya yi araha, injinan iska da faranten sola ma haka, kwal ya kasa gasa. An je, da wuri ma, ba a kan jakin da ake faɗa a kansa ba. Wane ɓangare ne zai ɗauki wannan?

Ɗalibin Shari'a: Namu mana. An je ba tare da an taka doka ba.

Uwar Biyu: Namu dai. Ya nuna burin ma ya yi kaɗan, da an matsa da an wuce haka nesa.

Tsohon Malami: To ni kun bar ni da sabuwar tambaya. Na je na sake sauraron mutumin nan da ya jawo maganar, ashe ma "sannu-sannu" ya ce, ya ninka ta. Uwar Biyu, ke da kika fi mu kunnen Hausa, "sannu" da "sannu-sannu" ɗaya ne a nan, ko ya ƙara wa tafiyar kwana?